TUNA BAYA: Faifan gwanjo ya fi kaset ɗin jiya tsawon rai

Akwai wani kaya da ke kwance a gidaje da dama a Kano da Kaduna da Jos da Zariya, yawanci a ƙasan adakar Baba ko a saman kwabad ɗin Hajiya, ƙura ta lulluɓe shi. Baƙi ne wuluk, faɗinsa bai wuce murfin ƙaramar langa ba, da huda a tsakiya da 'yar takarda mai rubutu kewaye da hudar. Yaran yanzu in sun tsince shi, ko dai su yi wasan jifa da shi, ko su ba 'yan jari-bola. Sunansa faifan garmaho. Bahaushe ya raɗa masa wannan suna ne don ya ga ya yi kama da faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan filin fim da garmaho? Ai da ruwansa, har da tsaki. Kafin bidiyo ta shigo falo, hanya biyu ce mai son waƙar fim ke da ita bayan an tashi daga sinima: ko ya jira gidan rediyo ya ga dama ya sa masa, ko ya mallaki faifai. Kuma akwai darasin da wannan baƙar roba ke ɗauke da shi wanda ya shafi industiri kai tsaye.

Yadda abin yake

Garmahon farko, wanda ake wana shi da hannu, faifansa mai nauyi ne kuma da ya faɗi ƙasa sai ya tarwatse kamar tangaran. Yana juyawa sau 78 a minti ɗaya. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da ɗoriya, wanda ke cin waƙoƙi da yawa. Shekara guda bayan haka, a 1949, abokin gabarsa RCA Victor ya mayar da martani da ƙaramin faifai mai faɗin inci 7, mai juyi 45 a minti. Wannan ƙaramin shi ne abin magana a yau.

Waƙa ɗaya ce a gaba, ɗaya a baya. Ta gaban ita ce kamfani ke ji da ita, ita ake kai wa gidajen rediyo. Ta bayan kuwa sau da yawa cikon benci ce kawai. Kowane gefe bai fi minti uku zuwa biyar ba. Idan aka duba faifan da kyau za a ga kamar layuka ne barkatai, alhali layi ɗaya ne tak, ya taso daga baki yana nannaɗewa har tsakiya. Cikin wannan siririn kwari aka sassaƙa sautin. Allura na bi tana karkarwa, injin kuma yana mayar da karkarwar ta zama murya. Shi ke nan sirrin. Babu fayil, babu caji, babu lambar sirri.

Yaro da sulensa

A ɗauki yaron da ya tashi a Fagge ko Sabon Gari a wajajen 1975. Naira ta shigo tun 1973, amma har lokacin kwabo goma sule ake ce masa. Sabon faifai cikin rigarsa mai hoto ba na yaro ba ne, na ma'aikata ne da 'yan boko masu albashi. Shi yaro wurinsa ɗaya: kwalin da mai shago ke turowa bakin ƙofa, ko tabarmar ɗan gwanjo a gefen kasuwa, inda ake zube fayafayan da suka yi kwantai, da waɗanda suka karce, da waɗanda rigarsu ta ɓata, da waɗanda rana ta ɗan lanƙwasa.

Dalilin arahar ba boyayye ba ne. Ƙaramin faifai kamar tumatir yake, yana da lokaci. Waƙa na tashe wata biyu ko uku, in ta sauka sai ragowar ta zame wa ɗan kasuwa kaya. A Amurka har huda rigar faifan ake yi ko a yanke mata kusurwa, alamar an karya farashinsa kuma ba a mayar wa kamfani. Wasu kuma sun gama aiki ne a cikin akwatin kiɗa na gidajen shaƙatawa, wanda ake jefa wa kuɗi ya zaɓo waƙa, sannan aka sayar da su a bagas. Daga baya da kaset ya yi ƙarfi, wanda kamfanin Philips ya fito da shi tun 1963, masu shaguna suka shiga neman kai da faifai ko nawa ne.

Saboda haka yaron nan ba abin da yake so yake saye ba, abin da kuɗinsa ya kai yake saye. Bai san mawaƙin ba, ba ya jin yaren, wani lokaci launin takardar tsakiya ce kawai ta burge shi. Ya ruga gida, ya lallaɓa ɗakin yayansa mai inji, ya ɗora. In allura na tsalle, sai a aza mata kwabo a ka don ta nutsu. In ana son dariya, sai a mayar da juyin 33, muryar mace ta koma ta ƙaton gardi, ko a kai shi 78, ƙato ya koma jariri. Wanda gidansu babu inji kuwa, sai ya naɗe takarda kamar mazurari, ya soka allurar ɗinki a bakinta, ya zura fensir a hudar faifai yana juyawa da hannu. Sautin na fita siriri kamar kukan sauro, amma ranar nan ba mai iya taɓa shi a unguwa.

Yau yaron nan ya doshi shekara sittin ko ya haura. Shi ne Baba, shi ne Kawu, shi ne mai yi wa yara faɗa in sun cika kallon waya. Da zai buɗe adakar nan, ga irin abin da zai tarar.

Faifai na farko: Chana da Indiya a roba ɗaya

Lokacin, fim ɗin Chana na kan ganiyarsa. Bruce Lee ya rasu a watan Yulin 1973 yana da shekara 32, fim ɗinsa Enter the Dragon ya fito a shekarar, duk wani yaro da ya taɓa leƙa Plaza ko Orion ko El Dorado yana tafe yana harba ƙafa sama. Ana cikin haka, a 1974, wani mawaƙi ɗan Jamaika mai suna Carl Douglas ya shiga situdiyo a Landan don ya ɗauki wata waƙar soyayya. An gama ta gaba, lokacin da aka biya ya kusa ƙarewa, saura kamar minti goma, ga shi babu ta baya. Sai aka yi maza aka haɗa wata waƙar barkwanci kan faɗan Chana, mai suna Kung Fu Fighting, don dai a cike gurbi.

Da aka kai wa kamfanin Pye, sai suka ce a'a, wannan ta bayan ita za a mayar gaba. Waƙar ta hau lamba ɗaya a Ingila da Amurka, aka sayar da miliyoyi. Ta soyayyar da aka ɓata wa lokaci kuwa, yau sai an tona kafin a samu mai tuna ta.

Amma abin da yaron bai lura da shi ba a wancan lokaci yana nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe a takardar tsakiya: sunan furodusan waƙar, Biddu. Ba'indiye ne haifaffen Bangalore da ya je ci-rani Ingila. Shi ne dai Biddun da Feroz Khan ya nema lokacin da yake shirya Qurbani na 1980, ya tsara masa waƙar Aap Jaisa Koi, wadda Zeenat Aman ta hau a fim. Wadda ta rera ta yarinya ce 'yar Pakistan mai shekara 15, Nazia Hassan, har ta ci kyautar Filmfare da ita. Ka ji fa! Ashe hannun da ya yi wa yaro kiɗan Chana shi ne ya yi masa na Indiya bayan shekara shida. Bai sani ba sai da ya tsufa ya sa tabarau ya karanta.

Faifai na biyu: masu muryar da ba a gani

Na biyun na Indiya ne, irin mai cin waƙa biyu a kowane gefe, huɗu ke nan. Yawancin irinsu kamfanin Gramophone na Indiya ne ya buga su a masana'antarsa da ke Dum Dum, kusa da Kalkata. Kamfanin yana nan har yau, sai dai tun 2000 ya koma Saregama. A ce na fim ɗin Haathi Mere Saathi ne na 1971, fim ɗin nan na Rajesh Khanna da giwayensa, wanda ya sa yara da manya hawaye.

A sinima, yaro ya ɗauka Rajesh Khanna ne ke waƙa, tunda bakinsa ne ke motsi. Faifai ne ya fara gaya masa gaskiya. Ga sunan fim, ga masu kiɗa Laxmikant da Pyarelal, ga marubucin baitoci Anand Bakshi, ga masu murya: Kishore Kumar, Lata Mangeshkar, Mohammed Rafi. Kowa da layinsa. Rafi ya rasu a 1980, Kishore a 1987, Lata a 2022, amma duk wanda ya ɗaga faifan a yau ya san wane ne ya yi me.

Indiyawa ba su tsaya ga waƙa ba. Da Sholay ya fito a 1975, fim ɗin Amitabh Bachchan da Dharmendra, wanda 'yan kallo a nan suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, kamfanin Polydor har maganganun fim ɗin ya buga a faifai, mutane suka riƙa haddace kalaman mugun nan Gabbar Singh kamar karatu.

Duk mai bin tarihin fim ɗin Hausa ya san inda wannan ruwa ya gangara. Karin waƙoƙin Indiya ya shiga goge, ya shiga bandirin masu bege, daga baya ya shiga fiyanon situdiyoyin Kano. Kunnen da ya karɓi waƙoƙin Sangaya da Wasila hannu biyu a wajajen 2000, an daɗe da horar da shi, a sinima da rediyo da kuma irin wannan faifan na gwanjo.

Faifai na uku: na gida

Na ukun shi ne wanda yaron ya fi rainawa. Babu hoto mai ƙyalli, rigar ma takarda ce fara da ta koma ruwan ƙasa. Na Hausa ne. A wancan zamani kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips suna da ofisoshi a Legas, kuma an buga muryoyin manyan mawaƙan Arewa irin su Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos a faifai. Mawaƙin da ya saba raba dare yana waƙa a gidan biki, in aka ce ƙaramin faifai za a yi masa, dole ya dunƙule zancensa cikin 'yan mintoci, ko a raba waƙar gida biyu, rabi a gaba rabi a baya. Ko James Brown na Amurka haka ya riƙa yi da dogayen waƙoƙinsa.

Yaron ya raina shi ne don yana ganin ai wannan kullum ana ji a rediyo, kuma masu shi suna nan da ransu. To Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Yanzu lissafi ya juye. Faifan Carl Douglas, tunda miliyoyi aka buga, ko a Turai ba ya wani kuɗin kirki. Na gidan nan da aka buga kaɗan, aka yi wasan jifa da mafi yawansu, shi ne abin nema. Turawa masu tara fayafayai sun daɗe suna shigowa Nijeriya suna tsince tsofaffin fayafayan 1970 zuwa 1980, kamfanoni irin su Strut da Soundway na Ingila suna sake buga waƙoƙin suna sayarwa a duniya.

A nan sai a faɗi gaskiya: ba duk abin da ke cikin adakar ne zinariya ba. Da Baba zai zauna ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, wasu kunya za su ba shi. Waƙar da ya riƙa jin babu kamarta a duniya, yanzu zai ji ashe hayaniya ce kawai, yarinta ce ta yi mata gishiri. Wata kuwa da ke baya, wadda bai taɓa bari ta kai ƙarshe ba, ita ce za ta sa shi yin shiru. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma wani lokaci tana riƙe amana.

Ina namu?

Ga inda maganar ta dawo gida. Faifan da aka saya da 'yan sulalla shekara hamsin da suka wuce, in dai bai karye ba kuma rana ba ta narka shi ba, yau aka ɗora masa allura zai yi magana. Zai yi ƙarar ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa, amma zai yi. To a gwada haka da kaset ɗin fim ɗin Hausa na shekara ashirin da biyar.

Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, finafinan Hausa a kaset ɗin bidiyo suka rayu. Akwai lokacin da kaset ɗin waƙoƙin fim ke riga fim ɗin fita kasuwa, a ji shi a motocin haya da shagunan Ƙofar Wambai da Bata, waƙar ce ma ke sayar da fim ɗin. Amma zaren kaset ba ya son zafi, ba ya son laima. Yana yin fumfuna, yana mannewa, hoton na dusashewa ko da ba a taɓa shi ba. Injin kallonsa ma ya zama tarihi: kamfani na ƙarshe da ke ƙera shi, Funai na Japan, ya daina tun 2016. Sidi da ya gaje shi bai fi shi ba, musamman irin wanda ake kwafa a shago, da bayansa ya fara ɓarewa an yi sallama da abin da ke ciki.

Wani zai ce ai komai na waya yanzu, an ɗora a YouTube. An ɗora wasu, gaskiya ne. Amma a duba yadda aka ɗora su. Waƙa ta bi ta hannun masu turawa a waya, daga wannan mimori zuwa wancan, har sunanta ya goge. Wata an sa mata sunan jarumin da ya hau ta, wata sunan jarumar, wata lamba ce kawai. Wanda ya rubuta, wanda ya buga fiyano, wadda ta shiga situdiyo ta rera har muryarta ta dushe, babu su babu labarinsu. Matashin da ke rawa da tsohuwar waƙar fim a TikTok, a tambaye shi muryar wace ce, ta Rabi Mustapha ce ko ta Fati Nijar, ta Misbahu M. Ahmad ce ko ta Mudassir Ƙasim ko Sadi Sidi Sharifai? Sau da yawa sai ya kira sunan ɗan wasa. Kuskuren da yaron 1975 ya yi da Rajesh Khanna ke nan, sai dai shi ya samu takardar tsakiya ta gyara masa. Na yanzu wa zai gyara masa?

Abin mamakin ma, faifan da aka yi wa jana'iza ya tashi. A Amurka, a 2022, yawan fayafayan roba da aka sayar ya zarce na sidi, karo na farko tun 1987. Kuma tun a 2013 wani ƙaramin kamfani a can mai suna Sahel Sounds ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya buga su a faifan roba, ya sa wa kundin suna Harafin So. Wato waƙar Kano ta shiga faifai, amma sai da ta tsallaka teku. Wannan ba abin fushi da Bature ba ne. Abin tambayar kai ne.

Abin yi

Ga mai karatu da Allah Ya sa akwai irin adakar nan a gidansu: kada a yi gaggawar kiran mai jari-bola. A nemi izinin mai kayan tukuna, don wani faifan akwai labarin da ya fi waƙar a bayansa. A riƙe faifai ta baki, ban da dafa tsakiyarsa da yatsu. A goge shi da ƙyalle mai laushi, ana bin yadda layin ya kewaya. A jera su a tsaye kamar littattafai, kada a tula wani kan wani, kuma a raba su da rana da ɗakin kwano mai zafi. Ban da allurar ɗinki, wancan wasan yarinta ne, ban da kuma tsohon garmahon wani mai allurar ƙarfe, domin tana cinye faifan roba. Kafin komai ma, a ɗauki hoton takardar tsakiya da waya. In an samu na Hausa, to a san an tsinci dami a kala.

Ga furodusoshi da masu situdiyo kuwa, musamman na farkon zamani: uwar kaset ɗin nan da ke cikin buhu a bayan shago ba za ta jira ba. A juye ta a kwamfuta tun tana iya magana, a ajiye kwafi fiye da ɗaya a wurare daban-daban. In za a ɗora waƙa a intanet, a rubuta sunan fim da shekara da marubuci da makaɗi da masu murya. Layi biyar ne kawai, ba ya cin ko sisi.

Su kuma 'yan kallo, nasu aikin ya fi sauƙi. Duk waƙar fim da ta yi daɗi, a tambaya wa ya rera. A riƙe sunan kamar yadda ake riƙe na jarumi. Wata rana yaran yau za su zama su Baba, su ma za su so su buɗe tasu adakar su nuna wa 'ya'yansu abin da suka taso da shi. Allah Ya sa su tarar da wani abu a ciki, kuma da sunan mai shi a jiki.

Sai wata fitowar, in Mai Duka Ya kai mu.